Zango ya karɓi baƙo, saura takarda

A shekarar 2000 an haifi yara biyu maza a kudancin Ghana, wata uku ne tsakaninsu, kuma daga inda aka yanke cibiyar wannan zuwa inda aka yanke ta wancan bai fi tafiyar awa biyu a mota ba, ko da an haɗu da cunkoson hanyar Kasoa. Mohammed Kudus ya zo duniya a watan Agusta, ya tashi a lungunan Nima, ɗaya daga cikin manyan unguwannin zango na Accra. Alphonso Davies ya biyo baya a watan Nuwamba, a sansanin Buduburam, inda iyayensa suka fake bayan yaƙin basasa ya koro su daga Laberiya. Da aka je gasar cin kofin duniya a Qatar a 2022, dukansu sun jefa ƙwallo a raga. Kudus ya ci wa Ghana biyu a karawarta da Koriya ta Kudu. Davies kuwa Kanada ya ci wa, kuma ita ce ƙwallo ta farko da 'yan wasan ƙasar maza suka taɓa ci a tarihin gasar. Yana ɗan shekara 5 aka kwashe iyalinsu zuwa Kanada, a 2017 ƙasar ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Ghana, wadda a ƙasarta aka haife shi, ba ta da wata ƙofa a dokarta da haihuwa kaɗai za ta buɗe masa. Yaran nan biyu sun fito ne daga hanyoyi biyu da Ghana ke bi wajen sauke wanda ya zo mata daga waje, zango da sansani, kuma yanzu da wutar Sahel ke turo mutane kudu, ya kamata a zauna a duba wace hanya ce ta fi kai mutum gida.

Ra'ayina shi ne zango ya fi sansani iya mayar da baƙo mutum mai cin gumin kansa, ya kuma shafe shekara sama da ɗari yana wannan aiki ba da kasafin gwamnati ba, ba da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa, shi ne takarda. Zango na iya ba mutum ɗaki da sana'a da mata da sahu a masallaci, in ya rasu a yi masa sutura a raka shi makwancinsa, amma ba shi da hatimin da zai tabbatar cewa zaman mutumin nan halal ne a idon doka. Hatimin yana hannun hukuma, ita kuwa tun daga samun 'yanci take jan ƙafa, ba ta cika tunawa da baƙi ba sai tattalin arziki ya karye ko tsoro ya shigo, sa'an nan ta tuna da su da motar jami'an tsaro. Wannan giɓin ne ya sa jikan wanda ya sauka a Nima kafin a haifi ƙasar Ghana har yau ana iya tsayar da shi a layin yin kati a ce ya faɗi garinsu na asali.

Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa kalmar. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya in rana ta yi, a ɗaure jakuna, a hura wuta, da asuba madugu ya ce a tashi. Fataken goro masu bin hanyar Gwanja daga Kano da Katsina da Sakkwato su suka kai kalmar Salaga da sauran kasuwannin wannan yanki. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 hanyar bakin teku ta buɗe, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar garin, malamai da fatake suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Accra, wadda tsofaffi ke kira Ankara. Alhaji Umaru, shahararren malamin nan haifaffen Kano, yana cikin waɗanda rikicin ya tayar, kuma a Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Da yau abin ya faru, da sunan waɗannan bayin Allah 'yan gudun hijira. Haka Mosi da Zabarmawa da suka riƙa tsallakowa daga mulkin Faransa suna gudun haraji da ɗibar soja da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946, haka waɗanda yunwar 1931 ta koro daga yammacin Nijar, haka waɗanda farin 1973 da na 1984 suka cinye wa dabbobi. Babu wanda ya yi musu rajista, babu wanda ya kafa musu tanti. Sun tarar da unguwannin da waɗanda suka riga su suka kafa: Malam Idrisu Naino, Bakatsine, wanda ya sami fili a hannun mutanen Ga aka yi Zangon Malam, ɗansa Malam Baƙo wanda ya kafa Sabon Zango wajen 1910, da Malam Amadu Futa, Bafulatani mai shanu, wanda ya karɓi filin Nima daga iyalan Odoi Kwao na Osu a farkon shekarun 1930. Wanda ya dubi taswirar Accra zai ga sawunsu: Tudu, Fadama, Sabon Zango, har da Kasoa wadda ba komai ba ce illa kasuwa a bakin mutanen bakin teku. Wanda ya dubi kwanon abinci ma zai gani, domin koko da ƙosai da tuwon zafi da shinkafa da wake, wadda sunanta ya koma waakye, yau abincin kowa ne a Ghana, Musulmi da Kirista.

Yadda zango ke aiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan hujjar take. Saurayi ya sauko daga motar da ta taso daga arewa, ƙura har gira, ba shi da komai sai jakar leda da lambar wayar wani ɗan garinsu, wataƙila ma lambar ba ta shiga. Ba ofis yake nema ba. Yana tambayar mai shayi ina mutanen ƙasarsu suke zama, a haɗa shi da yaro ya kai shi ƙofar sarkin ƙabilarsu, domin a zango kowace al'umma da nata: Hausawa, Zabarmawa, Mosi, Fulani, Kotokoli, Wangara, Yarabawa, Barebari. A yi masa tambayoyin da babu fom ɗin da ke ɗauke da su, ɗan wane ne, wace unguwa, wa ya sani a can. In maganarsa ta yi daidai da abin da aka sani, ya sami mai gida. Daren farko a zaure ko a shago ko a barandar masallaci zai kwana. Kafin mako ya zagayo wani ya ɗora masa tiren kaya bashi, ko ya kai shi gadi, ko ya sa shi cikin masu sauke buhunan albasa da gero da wake a kasuwar Nima ranar Laraba. Jarinsa na farko ba kuɗi ba ne, sunan wanda ya tsaya masa ne. In ya ci amana, labari zai riga shi isa ƙauyensu, kuma ya san haka. In ya riƙe, sai adashi, sai ɗaki na kansa, sai a aika gida a kawo iyali ko a nema masa aure a nan. Masana sun daɗe da rubutu a kan wannan tsari na mai gida da baƙonsa, Abner Cohen a unguwar Sabo ta Ibadan, Enid Schildkrout a zangon Kumasi, Deborah Pellow a Sabon Zangon Accra, kuma abin da suka gani shi ne amana ce ke tsayawa a madadin banki da kotu da ofishin samar da aiki gaba ɗaya. A cikin irin wannan tsari ne Alhassan Ɗantata, wanda mahaifiyarsa ta zauna a Accra, ya yi fataucin goro a wannan ƙasa kafin ya koma Kano ya zama abin da ya zama.

Sai a ɗora Buduburam a ɗaya gefen sikeli. An buɗe sansanin a 1990, a yankin Gomoa, kimanin kilomita 40 yamma da Accra, kuma a lokacin da ya fi cika mutanensa sun kai dubu arba'in. Adalci ne a faɗi cewa Ghana ta yi karamci da ta buɗe ƙofa, kuma mutanen Laberiya ba su naɗe hannu ba: sun gina gidajen bulo, sun buɗe makarantu da majami'u da shaguna, har wurin ya zama gari. Amma gari ne da aka gina a kan jira. Filin ba nasu ba ne, babu wani mai gida ɗan ƙasa da ya tsaya musu, kuma idon yawancinsu na kan jirgin da zai kai su Amurka ko Kanada, jirgin da ƙalilan kawai ya ɗauka. A 2008 mata suka yi zaman dirshan suna neman a kai su wata ƙasa ko a ƙara kuɗin komawa gida, aka kama ɗaruruwa. A ƙarshen watan Yunin 2012 aka janye wa 'yan Laberiya matsayin gudun hijira, waɗanda suka zaɓi zama aka ba su izinin zama mai wa'adi, wanda sai an riƙa sabuntawa. A watan Fabrairun 2024 motocin rusau suka shiga bisa buƙatar masu ƙasa na gargajiya, dubban mutane suka wayi gari a fili, wasu suka kwana a azuzuwan makaranta, cikinsu har da waɗanda a nan aka haife su, suka haihu a nan, ba su taɓa ganin Monrovia ba. Shekara 34 ke nan. A cikin shekara 34 zango yakan mayar da baƙo mai gida, ya mayar da ɗansa ɗan kasuwa ko malami ko soja. Sansani ya riƙe mutane tsawon wannan lokaci, ya sake su a matsayin da ya karɓe su.

Masu aikin agaji za su ce na haɗa abubuwa biyu da doka ta raba, wato ɗan ci-rani da ɗan gudun hijira. Na farko ya zo neman kuɗi, yana da gidan komawa, na biyu kuwa ransa ya tsere da shi, kuma yana da haƙƙoƙi na musamman da bai kamata a narkar da su cikin cunkoson unguwa ba. Maganarsu tana da nauyi, musamman a kan gwauruwa mai yara biyar, ko tsoho, ko wanda ba Musulmi ba kuma ba ya jin Hausa, wanda ba lalle ne zango ya san inda zai ajiye shi ba. Irin waɗannan suna buƙatar wurin karɓa, da abinci da magani a makonnin farko, kuma cibiyoyin da aka buɗe a Tarikom da Zini a arewacin Ghana domin mutanen Burkina Faso suna da amfaninsu. Sai dai layin da doka ta ja ba haka yake a ƙasa ba. Manomin da 'yan bindiga suka hana shi shiga gonarsa shekara uku a jere, ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ya hau mota zuwa Accra, me za a kira shi? Shi dai zai ce ya zo neman abinci, domin Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani duk suna jin nauyin a kira su 'yan gudun hijira, kalmar tana musu kama da bara. Ba zai je Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Ghana ba, wadda dokar 1992 ta kafa, wataƙila ma bai taɓa jin sunanta ba. Saboda haka alƙaluman hukuma ke nuna adadi kaɗan, alhali ɗakunan Nima da Maamobi da Sabon Zango suna ɗauke da nauyin da babu wanda ya ƙidaya. Kariyar doka ya kamata ta bi mutum inda ya zaɓi zama, kada a ce sai ya yarda a killace shi kafin a san da shi.

Akwai kuma masu cewa zango shi ke hana baƙo narkewa cikin ƙasa, ya tsare shi cikin Hausa da addini da auren gida, har jikoki su tashi suna jin kansu daban. Tarihin Accra bai goyi bayan wannan ba. A 1836, shekara guda bayan tawayen bayi Musulmi a Bahia ta Brazil, wasu 'yantattun bayi suka sauka a gaɓar Accra. Mutanen Otublohum suka karɓe su, suka ba su fili, suka bar su da shugabansu. Su ne Tabom, masu ɗinki da haƙar rijiya, kuma yau jikokinsu Ga suke ji, Ga suke, babu mai tambayarsu takardar shigowa. Abin da ya narkar da su shi ne an ba su ƙasa an kuma daina kiransu baƙi. Yaron Nima na yau yana juya harshe huɗu kafin ya gama firamare, Hausa a gida, Ga ko Twi a kasuwa, Turanci a aji. Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a Accra a 1919 aka kuma naɗa shi Babban Limamin ƙasa a 1993, ɗan zango ne, kuma lokacin da ya cika shekara 100 a 2019 ya taka har cocin Katolika na Christ the King a ranar Ista, abin da duniya ta yi ta yaba wa Ghana a kai. In akwai katanga tsakanin zango da sauran gari, daga waje aka fi ɗora mata bulo.

Tarihin wannan katanga a rubuce yake. A 1957, shekarar samun 'yanci, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, manyan zangon Kumasi masu goyon bayan 'yan hamayya, zuwa Najeriya, kuma da suka kai ƙara kotu cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu domin a rufe shari'ar. Tun daga ranar ɗan zango ya gane cewa zamansa ɗan ƙasa abu ne da siyasa ke iya warwarewa. Babbar guguwa ta zo a ranar 18 ga Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Wata biyu kacal kafin nan, a Addis Ababa, ƙasashen Afirka sun amince da yarjejeniyarsu ta 'yan gudun hijira, wadda ta faɗaɗa ma'anar kalmar har ta haɗa da duk wanda tashin hankali ya raba da gidansa. Mutane suka karyar da gidaje da shaguna a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, suka cika tashoshi da kan iyaka, da yawansu a Ghana aka haife su. Ƙidayar 1960 ta nuna baƙi sun kai kimanin kashi 12 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, ta 1970 ta nuna ba su kai kashi 7 ba. Aikin yi bai ƙaru ba, gonakin koko suka rasa ma'aikata, kuma gwamnatin Busia ba ta kai ƙarshen Janairun 1972 ba. Mu 'yan Najeriya ba mu da bakin yi wa kowa gori a nan, domin a Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta maimaita kuskuren, ta kori baƙi, cikinsu 'yan Ghana kimanin miliyan guda, suka koma ƙasar da fari da gobarar daji suka riga suka durƙusar. Jakar da suka zuba kayansu a ciki har yau da sunan wannan kora muke kiranta a kasuwanninmu, abin da ya kamata ya riƙa sa mu jin kunya.

Yau ba a kora da sanarwar rediyo irin ta 1969, amma ƙofar takarda ƙunci gare ta. Tsarin mulkin 1992 ya ɗora zama ɗan ƙasa a kan jini: sai in ɗaya daga cikin iyaye ko kakanni ɗan Ghana ne. A 2020 Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce wajen rajistar zaɓe. Katin Ghana kuwa ya zama mabuɗin komai, da shi ake rajistar layin waya, da shi ake hulɗa da banki, kuma na baƙi dala 120 ne karon farko, kuɗin da mai tura baro zai yi watanni bai tara ba. Wanda ba shi da kati ba shi da layi da sunansa, ba shi da asusu, ba zai yi hayar shago da sunansa ba, dole ya raɓe a bayan wani, kuma wanda ya raɓe a bayan wani shi ake cuta. Dokar zama ɗan ƙasa ta 2000 ta buɗe hanyar nema, amma cikin sharuɗɗanta akwai jin wani harshe na asalin Ghana, Hausa kuwa, wadda gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana watsa labarai da ita, ba ta cikin harsuna 11 da Hukumar Harsunan Ghana ke kula da su. A kan wannan sai a ƙara dokar zuba jari ta 2013, wadda ta keɓe ƙananan sana'o'i irin su kasa kaya a kasuwa da talla da aski ga 'yan ƙasa kaɗai, ta kuma ce baƙon da ke son ciniki sai ya zo da jarin dala miliyan ɗaya. Na fahimci kukan 'yan kasuwar Ghana da suka riƙa rufe shagunan 'yan Najeriya a 2019 da 2020, domin kowa na kare tukunyarsa. Amma dokar da aka yi domin manyan masu shigo da kaya, in aka shafa ta a kan mai tiren goro, ta haramta wa wanda ya gudo daga yaƙi sana'o'in da su kaɗai zai iya farawa da su. An hana shi kasuwa, sannan a yi mamakin ganinsa a bakin danja yana miƙa hannu.

Hujja mafi ƙarfi a hannun masu adawa ita ce tsaro, kuma ba zan raina ta ba. Burkina Faso tana ci da wuta, iyakar arewa doguwa ce, rikicin Bawku bai mutu ba, kuma Togo da Benin da Kwaddibuwa duk sun ɗanɗana hare-hare. Gwamnatin da ba ta damu da wanda ke shigo mata ba ta yi sakaci. Tambayar ita ce wace dabara ce ke sa a san mutane. A Yulin 2023 jami'an tsaro suka tattara ɗaruruwan mutanen Burkina Faso a arewacin Ghana, akasarinsu Fulani, mata da yara, aka mayar da su ƙetaren iyaka, har hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito ta nuna damuwa, gwamnati kuma ta ce matakin tsaro ne. Darasin da duk wani mai gudowa ya ɗauka daga wannan shi ne ya ɓuya, kada ya kusanci hukuma. Mutumin da ke ɓuya kuwa shi ne wanda ba a san inda yake kwana ba, shi ne kuma wanda mugu zai fi saurin saye. Sarkin Fulani ko sarkin Mosi na unguwa ya fi kowane shingen hanya sanin wanda ya sauka jiya da daddare, amma ba zai kai sunan baƙonsa ofis ba in ya san sunan zai zama sammacin kora. Ai ita kanta hukuma ta yarda da tsarin tsayawa mutum, tunda a rajistar zaɓen 2020 wanda ba shi da kati ko fasfo masu rajista biyu ne ke tsaya masa. Abin da zango ke yi ke nan tun zamanin ayari.

Zango ma yana da nasa laifin, kuma ɓoye shi ba ƙauna ba ce. A watan Mayun 2025 Hukumar Shige da Fice ta kwashe mabarata sama da 2,000 daga titunan Accra, ciki har da kewayen Nima da Sabon Zango, akasarinsu 'yan Nijar, fiye da rabinsu yara. Wanda ya ga yarinya 'yar shekara shida tana kutsawa tsakanin motoci da rana tsaka tana riƙe rigar mai wucewa, ya san wannan ba karamcin zango ba ne. Wani ne ya kawo ta, wani ya ba iyayenta wurin kwana, wani kuma yana cin riba, kuma duk a cikinmu suke. Mai gidan da ke cusa mutum goma a ɗaki ɗaya yana karɓar kuɗin kwana, da wanda ke riƙe ladan yaron da ya ɗora wa kaya, sun ɓata sunan tsarin da kakanninsu suka gina. Ga cunkoso, ga ƙarancin bayan gida, ga babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi wadda damina ke mayarwa abin tsoro. Gwamnatin Nana Akufo-Addo ta kafa ma'aikatar raya zango da asusu na musamman a 2017, ma'aikatar ba ta wuce wa'adin farko ba, kuma ko da ta daɗe, filin ƙwallo da fitilun titi ba sa warware matsalar wanda sunansa ba ya cikin kowane kundi. Kwashe mutane a mota a kai su iyaka ma ba ya warwarewa, domin abin da ya koro su yana nan, damina ɗaya za a sake ganinsu.

Abin da ake nema ba sabon abu ba ne a Afirka. Uganda, mai ɗauke da 'yan gudun hijira sama da miliyan ɗaya da rabi, tana ba su izinin aiki da zirga-zirga da ɗan filin noma. Tanzaniya a 2014 ta ba 'yan Burundi kimanin 162,000 da suka gudo tun 1972 takardar zama 'yan ƙasa. A jihar Maraɗi ta Nijar, da mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka tun 2019 suna gudun 'yan bindiga, gidajen talakawa ne suka fara karɓarsu, daga baya aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Dan Dadji Makaou da Chadakori, kusa da mutanen gari, rijiya ɗaya, makaranta ɗaya, asibiti ɗaya. Ghana ma ta nuna tana iyawa in ta so. A shekarar da aka rushe Buduburam, 2024, ta ba mawaƙi Stevie Wonder takardar zama ɗan ƙasa, a watan Nuwamba kuma ta rantsar da mutum 524 daga zuriyar bayin da aka kwashe zuwa ƙetare. Wannan abin yabo ne, kuma hujja ce cewa alƙalamin yana nan. Wanda kakansa ya sauke kaya a Tudu zamanin Turawa, da wanda aka haifa a Buduburam ya girma yana rera taken Ghana a makaranta, ba su fi waɗancan nisa da ƙasar ba. Lokaci kuma yana ƙurewa, domin tun ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, kuma yarjejeniyar 1979 da ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasa ya yi kwana 90 ba biza, yanzu a kan alfarma take tafiya ga mutanensu. Ranar da alfarmar ta ƙare, dubban mazauna Nima da Maamobi za su kwana da halal su tashi da laifi.

Saboda haka kirana ga majalisar dokokin Ghana, musamman wakilan mazaɓun Ayawaso da ƙuri'un zango suka kai su kujera, shi ne su kawo gyaran da zai ba wanda aka haifa a ƙasar ya kuma girma a cikinta hanyar zama ɗan ƙasa mai sauƙi, a cire wanda aka tabbatar ya gudo daga yaƙi daga haramcin ƙananan sana'o'i, a kuma kai teburin rajistar masu neman mafaka cikin unguwanni, a zauna tare da sarakunan ƙabilu, da alkawari a rubuce cewa rajista ba za ta zama tarko ba. Ku kuma iyayenmu sarakunan zango da limamai, Allah ya ƙara muku lafiya, akwai abin da ba sai kun jira majalisa ba. Ku hana a ba mai kawo yara bara masauki a unguwanninku. Ranar suna kuma, kafin a yanka rago a raba goro, liman ya tambayi uban jariri ko ya kai sunansa ofishin rajistar haihuwa, ɗan gari ne ko baƙon da ya sauka bara. Takardar ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa, amma ita ce shaidar farko cewa a nan aka haife shi, kuma kafin ya cika shekara ɗaya kyauta ake yin ta.